Tunau da Yaƙin Dutsen Kyarama

Kimanin shekara hamsin kafin jihadi, akwai wani maharbin ɓauna a dajin kudu, sunansa Tunau. Kirarinsa shi ne: Tunau mai kibiya ɗaya, na gaban kare, wanda ƙasa ke gaya wa sirrinta. An ce yakan kafa kunne a turɓaya ya ji motsin ruwa gaba goma a ƙasa.

Wata shekara da rani, wani sarki daga arewa ya turo Madawaki Nomau da mayaƙa dubu biyu su ci Kyarama, birni mai ganuwar dutse a kan tsauni. Suka tilasta wa Tunau ya yi musu jagora. Sau uku suna kafa tsani, sau uku ana mirgino musu duwatsu. Daga nan suka yi wa tsaunin zobe har wata huɗu, suna jiran ƙishirwa ta sauko da mutanen. Amma Kyarama tana da marmaro, su kuwa tafkinsu ya ƙafe.

Madawaki ya kira Tunau ya ce, "Malam maharbi, ka san inda marmaron nan ya faro. Ka je ka zuba masa dafin kibiyarka."

Tunau ya duƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, na sani. Amma mata da goyo suna sha daga gare shi. Sai dai ka sare ni."

Madawaki ya ɗora hannu a kan takobi. Bai sare shi ba. Da hadarin farko ya haɗu, mayaƙa suka fara zamewa zuwa gonakinsu, dole Madawaki ya juya, ya bar majinyata saba'in a gindin tsauni.

Tunau bai koma dajinsa ba. Ya nemi wuri ƙarƙashin wata tsamiya ya haƙa rijiya, ya riƙa ba majinyatan ruwa da magani. Rana ta bakwai aka buɗe ƙofar Kyarama, Tunau ya zaci hari ne, ya miƙe ya tsaya tsakanin majinyata da tsauni. Ashe tsofaffin mata ne, da ƙwaryar kunu a ka.

Waɗanda suka warke suka yi bukkoki kusa da rijiyar, suka yi aure a Kyarama. Garin da suka kafa shi ne Saura, wato ragowar yaƙi. Har yau ba a zuwa Rijiyar Tunau da makami, ko wuƙar yankan albasa ce sai a ajiye ta a gindin tsamiya.