Hoton Baba Babu Tabo

Akwai wani saurayi mai ɗaukar hoto da 'yan layinsu ke kira Ɗan Kamara. Da farko, wallahi yaron nan yana da ido. Sai ya tsaya a bakin titi ya ɗauki mai wankin takalmi yana gyangyaɗi, ko direban bas yana wanke fuska da ragowar ruwan gora, ka kalli hoton ka ji kamar kana wurin.

Amma in ya ɗora irin waɗannan a shafinsa, ko kallo ba su ishi mutane ba. Abokansa masu haska fata da sauya bango a hoto su ake ta yabawa. Abin ya ci masa rai, shi ma ya koyi gyaran hoto a waya har ya fi waɗanda suka koya masa. Mabiya suka fara tururuwa, kai ya fara kumbura.

Ya kuma ɗauki wata ɗabi'a. Da zarar ya gama gyara hoto, sai ya share na asalin a waya, ya goge katin kamara, wai tarkace ne suna cika masa wuri.

Mahaifinsa mai facin taya ne, a wata rumfar kwano kusa da mahaɗar titi. Yana da giɓi a gaba, da wani tabo a gira da ya samu ranar da taya ta fashe masa. Mutumin nan ya ƙi jinin hoto. Ko na katin shaidarsa ruwa ya taɓa shi ya dushe, ba a gane kowa a ciki.

Da tari ya kama Baba ya fara ramewa, sai Umma ta kira ɗanta gefe. Ta ce ya ɗauki duk mutanen gari amma gidansu babu hoton ubansa ko ɗaya, ita kuma jikin nan nasa bai kwanta mata a rai ba. So take ta samu abin da za ta riƙa kallo.

Da ƙyar Baba ya yarda, shi ma sau ɗaya tak. Yana zaune a kan tsohuwar taya, hannunsa cikin kwanon ruwa yana neman inda tiyub ya huje, Ɗan Kamara ya ce ya gyara zama.

"Zaman me zan gyara a kan taya?" in ji Baba, ya fashe da dariya.

A daidai dariyar nan aka ɗauka. Giɓin ya fito, tabon ya fito, baƙin mai a yatsunsa ya fito. Bai taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, shi ma ya sani.

To sai zuciya ta shiga raya masa abubuwa. Mabiyansa ba su san ɗan mai faci ba ne. Ya zauna ya cire tayoyin, ya ɗora Baba a kan kujerar fata a wani falo na alfarma. Ya wanke masa hannu, ya cike giɓin, ya shafe tabon, ya cika masa kumatu. Ya ɗora ya rubuta, "Babana, gatana." Yabo ya yi ta zuba. Shi kuwa, kamar kullum, ya share na asalin.

Umma ta yi ta tambayar hotonta, yana ce mata gobe, har ajalin Baba ya riga goben.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, ya wanko hoton ya sa a gilashi ya kai mata ɗaki, yana ganin ya yi abin kirki. Ta karɓa da hannu biyu. Ta matso da shi kusa da idonta, ta sake nisanta shi.

"Wane ne wannan?"

Ya ce Baba ne mana.

"Ina tabon? Ni na yi jinyar tabon nan ina amarya, ni na riƙa wanke shi. Wannan ba mijina ba ne. Ka kawo mini na gaskiyar."

Nan take ya ɗauko wayarsa. Ya bincike waya kaf. Ya kai katin wurin mai gyaran waya, mutumin ya duba ya girgiza kai, ya ce an ɗora wasu hotuna a kai sau ba adadi, babu abin da zai dawo. Ya bi maƙwabta da direbobin da Baba ke yi wa faci, babu wanda ya taɓa ɗaukarsa.

Sai ya ce ai shi gwani ne, zai mayar da komai da hannunsa. Ya zauna ya zana giɓin, ya zana tabon, ya sake kai wa Umma. Ta kalla, hawaye suka zubo mata.

"A girar dama yake," ta ce a hankali. "Kai ka sa a hagu."

Jama'a, wannan maganar ta fi mari zafi. Shi ne ya goge tabon da yatsansa tun farko, amma bai taɓa tsayawa ya kalli fuskar ubansa har ya san gefen da yake ba.

Yanzu hoton yana bayan kwaba, fuskarsa na kallon bango. Umma ta ajiye tsohon famfon iskar Baba a gefen gadonta, shi take kallo. A shafin kuwa har yau mutane na wucewa suna rubuta, "Allah ya jiƙan Alhaji," suna yi wa wani mutum da ba a taɓa haifa ba addu'a.

Darasi: Kada neman yabon waɗanda ba su san ka ba ya sa ka goge gaskiyar naka. Abin da kake jin kunyarsa yau, wata rana shi za ka nema ido rufe ka rasa. Ku tura wa duk wanda ya saba gyara hoton iyayensa, ko zai ajiye na asalin tun suna raye.