Jarka Huɗu da Rabin Buhu

An ce wai a wani gari da ke bakin babban titin da ya miƙe zuwa Kudu, an yi wani Sarkin Tasha mai suna Malam Jatau. Tsohon direba ne. Shekara talatin ya yi yana murza sitiyarin gingimari kafin ƙugu ya ce masa ya isa haka, 'yan tasha kuwa suka taru suka ɗora masa sarautar raba gardama. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne tambaya, domin Malam Jatau ba ya ganin abu ya wuce shi. In ya ga mai faci ya shafa wa taya yawu, sai ya tsaya ya ji dalili. In mai shayi ya rage girman kofi, sai ya san ranar da aka fara da abin da ya jawo. Har 'yan kamasho suka laƙaba masa suna Don Me, amma a bayan idonsa. Shi kuwa in an yi masa tsiya, sai ya yi murmushi ya ce matambayi ba ya ɓata.

A tashar nan akwai wani baƙin allo da aka kafa a jikin rumfar ofis, inda ake rubuta sunan kowane direba da alli bisa layin lodi. Al'adarsu ita ce, direban da aka kama da cin amanar mai mota, a gaban jama'a ake jiƙa tsumma a goge sunansa. Daga ranar nan babu mai motar da zai sake miƙa masa makulli, a nan tashar ko a maƙwabtanta. Direbobi sun fi tsoron tsumman nan a kan gangaren dutse da birki ya tsinke.

Wata ranar Alhamis da hantsi, sai ga Alhaji Maikano ya shigo rumfar, babbar riga na share ƙasa. Tirela bakwai gare shi, masu kai tumatir Ikko. Ba azzalumi ba ne, a gaskiya. Mutum ne da bai taɓa rage wa ma'aikaci sisi ba, bai kuma taɓa ƙara masa ba. Bayansa akwai direbansa Isiyaku, dogo, mai yawan shiru, wanda ya shekara tara yana jan motar Alhaji ko madubi bai taɓa fasawa ba.

"Allah ya ja da ran Sarki, ƙara na kawo," in ji Alhaji. "Na ce wa wannan bawan Allah in ya sauke kaya ya juyo mini da mota wayam, don ta riski lodin tumatir. Ashe manja yake ɗebowa 'yan kasuwa a hanyar dawowa, ya zuba kuɗin a aljihu. Surukina ya gan shi da idonsa yana sauke jarkoki. Tayata yake ci, birkina yake ci. A jiƙa tsumma kawai."

Malam Jatau ya dubi Isiyaku. "Ka ji abin da maigidanka ya ce?"

"Na ji, Baba. Na yi. Kuma ba sau ɗaya ba."

Sakataren tasha har ya fara waigen bokiti, domin wanda ya amsa laifi da bakinsa ya hutar da shaidu. Amma Sarki ya ɗaga masa hannu, saboda akwai abin da ya tsaya masa a rai.

"Tun yaushe ka fara?"

"Shekara biyu ke nan, Baba."

"Ikon Allah. To shekara bakwai ɗin farko fa? Manja ne babu a Kudu, ko kuwa aljihu ne ba ka da shi?"

Aka yi dariya, ban da Isiyaku. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, akwai maganar da ba ta faɗuwa a gaban maigida."

"Ni zan faɗe ta," in ji Alhaji. "Ƙarin albashi ya nema, har sau biyu, na ce masa alkawari kaya ne. Ga takardar da muka sa wa hannu ranar da na ba shi makulli. Abin da aka rubuta shi nake ba shi, ranar da wata ya mutu, ko kwana ɗaya bai taɓa ƙetarewa ba. A tambaye shi in ƙarya nake."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Isiyaku.

Nan fa Malam Jatau ya samu kansa a tsaka mai wuya, ransa kuma ya sosu ƙwarai. In ya goge sunan nan, ya kashe bakin abincin magidanci wanda ya shekara bakwai ba a ji kansa ba, shi kuwa ya san ruwa ba ya tsami banza. In kuma ya ƙyale shi, gobe kowane direba zai mai da motar ubangidansa kantinsa, amana ta tashi daga tasha. Sai ya koma ga abin da ya saba, wato tambaya. Ya miƙa wa sakatare takardar ya ce a karanto masa ita tun daga bisimilla har sa hannu, kada a tsallake ko ɗigo.

Sakatare ya karanta. Sharaɗi na farko albashin wata ne, kuɗi kaza. Na biyu kuɗin man tafiya ne, wanda mai mota zai riƙa bayarwa daga nan zuwa Ikko, shi ma kuɗi kaza. Na uku, direba ba zai ɗora wa mota kayan kowa ba sai da izini. Sarki ya sa aka maimaita masa na biyun. Ya daɗe yana shafa gemu, idonsa na kan wata tirela da ke shan mai a gidan man da ke tsallaken titi.

Can ya ce, "Alhaji, takarda ta yi magana. Kai dai so kake a tsaya a kanta?"

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe."

"Dukkanta? Ba ƙari, ba ragi?"

"Ba ƙari, ba ragi. Jama'a su shaida."

"To mun shaida. Amma ka san halina, ina son in ga abu da idona, don gani ya kori ji. Ka ajiye mini kuɗin sharaɗi na farko a nan, na biyu a nan, daidai yadda aka rubuta su."

Alhaji bai ga wata matsala ba, ya zaro ya ajiye. Sarki ya kira 'yan kamasho biyu. Ya ba ɗaya kuɗin mai, ya ce ya tsallaka titi ya sayo gas na dukkansu. Ya ba ɗayan albashin Isiyaku, ya ce ya shiga kasuwa ya auno masara, kada ya dawo da ko kwabo. Kafin su dawo labari ya zagaya, makanikai suka ajiye sifana, masu abinci suka bar tukwane, kowa na son ya ga inda Don Me ya dosa yau.

Na farko ya turo baro ɗauke da jarka huɗu, da ɗan abin da ya jiƙa gindin ta biyar. Na biyu ya shigo da buhu a kafaɗa, wanda ko rabi da ƙyar ya kai. Aka jere su a gaban Sarki.

Malam Jatau ya gyara zama ya ce, "Ga hukunci. Takarda ta tsaya, kamar yadda Alhaji ya nema. Sakatare, jiƙa tsumma. Amma kafin a goge, sai a cika sharaɗi na biyu. Akwai kwandunan tumatir ɗin Alhaji can a rumfa suna jira. A loda su yanzu, a zuba wa mota jarkokin nan, a ɗauko direban da Alhaji yake so, ya kama hanyar Ikko. Ba za a ƙara mata ko cokali ba."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Subhanallahi! Ranka ya daɗe, wannan ai kisan dukiya ne! Jarka huɗu? Ko rubu'in hanya ba za ta kai ba, ta tsaya a daji tumatir ya zama miya!"

"Ashe? To ai kuɗin da aka rubuta ke nan."

"Wancan kuɗin shekara tara da suka wuce ne! A lokacin jarka ashirin yake cikawa. Kuɗin jiya ai ba na yau ba ne, Sarki, kowa ya san haka. Mota ba ta san takarda ba. Abin da za ta sha, shi za ta sha, ko ya kai nawa!"

Sai da maganar ta gama fita Alhaji ya ji abin da ya faɗa. Dama baki shi ke yanka wuya. Ya tsaya da hannu a sama, ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi, wani bakanike daga baya ya toshe bakinsa da hula.

Sarki bai yi dariya ba. Cikin natsuwa ya ce, "Zauna, Alhaji, don abin da ya ɗaure mini kai ke nan tun da aka karanta takardar. Hannu ɗaya ne ya rubuta sharuɗɗan nan, rana ɗaya, da tawada ɗaya. Na ƙarfe ka sauya shi ba tare da ƙarfe ya roƙe ka ba, duk ranar da gidan mai ya ƙara kai ma ka ƙara, kuɗin jigilar da kake karɓa wurin masu kaya shi ma ka ɗaga. Na mutum kuwa ya roƙe ka sau biyu, ka ce alkawari kaya ne. Kai ka ce mota ba ta san takarda ba. Ina so ka sanar da ni, don ban sani ba: tumbin 'ya'yan Isiyaku ya iya karatu ne?"

Idon Alhaji ya sauka a kan buhun nan da ya langaɓe a ƙasa kamar jakar wanzami. Ya matsa ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ajiye. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai taka kasuwar hatsi ba, sai dai a kai masa gida, yau shi ma tambaya ta kama shi.

"Isiyaku, da can nawa albashinka yake aunowa?"

"Buhu uku, Alhaji, har a yi cefane."

"Mutum nawa ne a gidanka?"

"Mu tara ne, har da tsohuwata."

"Wannan ɗin kwana nawa yake yi muku?"

Isiyaku ya ce, "Goma sha ɗaya, in an tsuke hannu. Sauran kwanakin watan, Alhaji, manjan nan ne yake ciyar da su."

Kunya ta rufe Alhaji Maikano, irin wadda ba ta taɓa kama shi a gaban jama'a ba. Ya koma ya zauna a benci ya ce, "Sarki, yanka yadda ka gani."

Malam Jatau ya juya ga direban tukuna, fuskarsa ba wasa. "Isiyaku, kada ka ɗauka yunwa ta wanke ka. Motar nan amana ce, ka taɓa ta ba da izini ba. Ranar da aka nuna maka takarda, ga rumfar nan a buɗe, nan ya kamata ka kawo kukanka, ka zaɓi ɓoye. Saboda haka wata uku za ka yi ana riƙe kashi ɗaya cikin uku na sabon albashinka, ladan tayar da ka cinye. In ka sake ɗora ko galan ɗaya ba da saninsa ba, da hannuna zan goge sunanka."

"Na yarda, Baba. Alhaji, ka yafe mini."

"Kai kuma Alhaji, za a rubuta sabuwar takarda, ba za a sa adadin kuɗi a cikinta ba. A rubuta buhu uku na masara, a farashin ranar biya. Kuma ranar da wata ya mutu, da ƙafarka za ka shiga kasuwa tare da direbanka ka tambayi farashi, kada a ba ka labari. Ka san da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Alhaji ya gyaɗa kai. Yana ɗagowa sai ya ga sauran direbobinsa shida sun matso gaba sun jeru, kowanne yana laluben aljihu, domin irin takardar nan ce a hannun kowa. Ya ja numfashi ya ce, "Inna lillahi. Sakatare, ɗauko takardu bakwai."

Sannan ya zaro makulli ya riƙo hannun Isiyaku ya sa masa a tafi. Ya nuna buhun ya ce, "Ka fara kai wannan gida, lodi ya jira. Ka gaishe mini da tsohuwa, ka ce mata ban sani ba."

Isiyaku ya sunkuya ya saɓi buhun a kafaɗa ya fita da sauri, don kada 'yan tasha su ga magidanci na hawaye.

Shi ya sa masu hankali suke cewa, wanda ya auna wa ƙarfe da mudun yau, kada ya auna wa ɗan Adam da mudun jiya.