Ramin Marina a Gidan Waziri

A zamanin da, a wani birni mai ganuwa, Sarki ya kafa doka cewa kada wanda ya taɓa gidan wani, ko da zuba ƙasa ce, sai da yardar mai shi.

To, a unguwar marina Waziri na da wani gidan haya. Marinan da suka zauna ciki sun tashi, katanga ta zube, ramukan rini suka cika da ruwan damina. Jikin gidan kuwa wata gwauruwa ce, Tabawa mai kaɗin zare. Cikin ɗaya daga ramukan nan 'yarta ta fari ta faɗa, aka ciro ta ba rai. Ga kuma autarta ta fara tatata, kullum wajen ramukan take nufa.

Tabawa ta yi ta aike wa Waziri a cike ramukan, shiru. Ta tattara tasoshin aurenta da awakinta, ta je ta durƙusa a zauren Waziri.

"Ranka ya daɗe, kangon nan nake roƙo a sayar mini."

Waziri ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da zare ke ciyar da ke? Me kika gani a ciki?"

"Wata yarinya ce ta faɗa ramin."

"Yara nawa ke mutuwa a garin nan? Dukiya marina suka binne, kin hango ta!"

Ya kai ƙararta fada, aka kawo ta gaban Sarki. Sarki ya ce, "Baiwar Allah, ɗago. Yaya sunan yarinyar?"

Tabawa ta sunkuyar da kai. A ƙasar nan uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna cewa nata ne a gaban jama'a. Ko ranar jana'iza ba ta yi kuka a fili ba.

"Ka gani, Allah ya ba ka nasara?" in ji Waziri. "Ko sunan ba ta ƙirƙiro ba."

Sarki ya daɗe yana kallon yadda take murɗa bakin mayafinta. Shi ma ɗan fari ne, har mahaifiyarsa ta bar duniya bai ji sunansa a bakinta ba.

Ya ce, "Waziri, tunda dukiya ce, taka ce. Je ka kwashe ramin da hannunka, a gaban unguwa."

Waziri ya tuɓe rawani ya shiga, ya yi ta kwasar laka har shuni ya rina shi zuwa kafaɗa. Abin da ya fito da shi ɗan warwaro ne, wanda ko yatsunsa uku ba za su shiga ba. Matan unguwa suka fashe da kuka. Tabawa kaɗai ta juya fuska bango.

Waziri ya kasa ɗaga ido. Sarki ya yanke a sayar mata da gidan a kan tasoshin kawai, awaki su koma, Waziri kuma ya cike ramukan. Ya gyara dokarsa: duk ramin da ke barazana ga rai, maƙwabci na da ikon rufe shi.

Da aka zuba kwandon ƙasa na ƙarshe, jama'a suka watse. Tabawa ta sauke autarta a kan sabuwar ƙasar, ta bar ta tana tafiyarta. Sannan ta zauna da warwaron a tafin hannu, ta duba ba kowa, ta ce a hankali, "Lantana."