Wayar da Ya Ɗaura a Gurbin Fiyus

An yi wani mutum a unguwar Mafoni. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna cikinmu. Shi ke kula da fitilun dandamali a ɗakin bikin wani Alhaji Babakura, kuma a hannunsa akwatin dima yake, wanda ke rage hasken fitilu ya kuma ƙara shi. Aiki kam ya iya. Abin da bai iya ba shi ne jin magana.

Shekarun dokar hana fita ne. Wushe-wushe, shagalin bikin auren da aka saba yi da dare, ya koma rana tsaka, sai a toshe tagogi da labule mai kauri don fitilu su fito da kyau. Ƙofa ɗaya ake buɗewa, a lalube kowa kafin ya shiga. Sauran ƙofofin suna garƙame da kwaɗo saboda tsoron masu kai hari.

Masu biki kullum ƙarin fitila suke so, shi kuma yabo yake so. Layin da aka yi domin fitila huɗu sai ya ɗora masa tara. Fiyus ya ƙone. Ya sa wani, ya ƙone. A biki ɗaya sau uku dandamali ya yi duhu, mata suna tsaki, mai hoto yana harararsa. Takaici ya cika shi.

Ya tafi kasuwa wurin Uzochukwu mai kayan lantarki, ya zube ƙonannun a kan teburi, ya ce jabu yake sayar masa.

Uzochukwu ya ce, "Oga, kayana ba jabu ba ne. Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai. Fitila ta yi yawa. Ka raba layi, ka duba fankar akwatin. Wallahi akwatin nan yana zafi."

Ya ce, "Ni za ka koya wa wuta?"

Ya 'yan uwa, ya san fankar ta mutu. Ya san ramukan iska sun toshe da datti. Gyaran nan wuni ɗaya zai ci masa. Amma me ya yi? Ya fere wayar tagulla mai kauri, ya ɗaura a gurbin fiyus. Daga ranar fitila ba ta sake ɗaukewa ba. Alhaji Babakura ya yaba masa a gaban mutane, shi kuma ya karɓi yabon bai faɗi abin da ya yi ba.

Ranar bikin wata yarinya daga unguwar Limanti, ɗakin ya cika maƙil. Dangin ango suka ce akwatin yana ɓata hoto. Da hannunsa mutumin nan ya ɗauko zane ya lulluɓe akwatin. Ya ji ƙaurin roba, ya ce saura kaɗan a tashi.

Sai akwatin ya fashe da ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, ɗaki ya yi duhu.

Ku da kuka zauna a garin nan, me ƙara da hayaƙi suke nufi a cikin taro? Wani ya yi ihu, "Bam ne!" Mutum ɗari uku suka yi kan ƙofa ɗaya. Ya Gumsu, kakar amarya, ta faɗi a bakin ƙofar. Ba ta tashi ba.

Shi kuma aka same shi a gindin akwatin, hannunsa na dama a ƙone, jakarsa cike da waya da filaya. Wa zai tsaya jin bayani a ranar? Wata bakwai ya yi a tsare kafin a tabbatar ba ɗan ta'adda ba ne. Ya fito da hannu a shanye. Babu mai kiransa ko canjin ƙwan fitila, kuma har yau in ya doshi Limanti sai ya sake hanya.

Abin da ke ba ni haushi, ba jahilci ne ya kashe tsohuwar nan ba. An gaya masa, kuma ya sani. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi don ya ƙone a madadin mutane, shi kuma ya cire shi don kada a ce bai iya ba. Wannan girman kai ne, kuma cin amana ne. Kai mai gyaran birki, ke mai auna magani, rayuka nawa ne a hannunku, masu su ba su ma sani ba?

Allah ya raba mu da jin kunyar gyara kuskure. Allah ya jiƙan Ya Gumsu, mu kuma ya kiyaye mu da ɗaukar ran wani a wuyanmu. Amin.