Rumbun da Aka Hana Leƙawa

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, sunanta Rifkatu, tana noma 'yar gonarta tana ciyar da jikokinta marayu. Mutanen ƙauyen suna da rumbu guda na kowa da kowa. Duk kaka kowane gida yakan kai damin dawa saboda ranar yunwa. Suka danƙa rumbun a hannun wani dattijo, Baba Istifanus.

Kowace shekara yakan tsaya a dandali ya ce, "Rumbu cike yake, ku kwantar da hankalinku." Amma ba ya barin kowa ya hau tsani ya leƙa.

Wata rana Rifkatu ta bi ta bayan rumbun, ta ji warin ruɓa. Ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, a buɗe mana mu gani. Ai hatsinmu ne."

Ya ɓata rai, ya ce, "Wato ni ɓarawo ne? Da furfurata?"

Dattawa suka tsawata mata, wai ta raina manya. Ta ba da haƙuri, ta koma gida. Da ɗaya daga cikin jikokinta ya kwanta ciwo, ta sayar da ragowar hatsinta ta sayi magani, tana cewa a ranta, ai akwai rumbu.

A shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta bushe a tsaye. Aka taru aka ɗaga jinkar rumbun. Sai ga hatsi ya ruɓe baƙi ƙirin. Ashe jinkar ta daɗe tana yoyo, Istifanus kuwa ya sani. Ya kwashe mai kyau ya kai gidansa, ya yi shiru don kada a karɓe masa muƙami.

Rifkatu ta ɗebi ruɓar da hannunta, ta ce, "Baba, da ka faɗa, da mun yanko ciyawa mun gyara. Yanzu me zan ba yaran nan?"

Kafin wata damina, ta binne ƙaramin jikanta.

Ga abin da misalin nan ke nufi. Rumbu shi ne dukiyar jama'a, ta gwamnati ko ta ikkilisiya. Wanda aka ba riƙonta bawa ne, ba mai ita ba, tilas ya nuna wa masu ita abin da ya shiga da abin da ya fita. Tambaya ba reni ba ce. Ku da kuke rufe bakin mai tambaya, ku sani kuna da hannu a wannan kabari, Allah kuwa zai tambaye ku.