Ramin da Ke Hanyar Tafki

Ni mutum ne mai saurin kiran mutane ɓarayi. Bara na yi kwana uku ina tsine wa wanda ya ɗauke mini takalmi a ƙofar masallaci, a rana ta huɗu uwargida ta tambaye ni na wane ne wannan da ke ƙafata. Tun daga nan nake son sanin wa shari'a ke kira mai laifi, ko na gane sahun da nake ciki.

An ce wai an yi wani alƙali a Tungar Rini, ana kiransa Malam Zubairu. Garin yana da tafki, kuma al'adarsu ba a jefa koma a cikinsa daga faɗuwar ruwan farko har ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe su, wato kamun kifi. Wanda ya karya, a ƙone komarsa a tsakiyar kasuwa, a kore shi daga gari.

Wata rana da hantsi mata masu ɗiban ruwa suka yi kururuwa, samari suka kama mutum uku a bakin tafkin, kowa da kifinsa. Akwai Jatau, baƙon da ambaliya ta koro da iyalinsa kwana goma da suka wuce, ba shi da komai a duniya sai komar nan. Akwai Cindo manomi, sai Kakale mai yawan fara'a. Sarkin Ruwa Nomau da kansa ya kai su gaban alƙali.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ba ta buƙatar dogon zama. Ɓarawo ɓarawo ne. A kawo wuta."

Alƙali ya ce, "Yatsun hannu ma ba su zo daidai ba, Sarkin Ruwa, balle masu laifi. Akwai wanda ya yi bai sani ba, akwai wanda ya sani larura ta tura shi sau ɗaya, akwai wanda ya mai da abin sana'a. Akwai kuma wanda ke aikawa ya zauna a inuwa. In na auna su da mudu ɗaya, ni ne na biyar."

Ya tambaye su, duk ukun suka ce ba su san an hana ba. Kakale ya faɗa yana dafa ƙirji, har ya ƙara da cewa bai taɓa ganin tafkin da kyau ba sai yau.

Alƙali ya tambayi samarin yadda suka sami kifin kowa. Suka ce Jatau ya rataya nasa a wuya, har yana yi musu sannu da aiki. Na Cindo tarwaɗa ce guda, a naɗe cikin riga. Na Kakale yana cikin taiki, an rufe shi da ciyawa.

Alƙali ya ce, "An ce akwai wata 'yar hanya a bayan tafkin, cikin dogayen ciyayi. Sarkin Ruwa, ina ta nufa?"

Nomau ya ce, "Hanyar ɓarayi ce, Malam. Ni da rawanina me zai kai ni? Ƙafata ba ta taɓa taka ta ba."

"To mu je mu gani, dukanmu baƙi ne ke nan."

Da suka isa, alƙali ya shiga gaba, ya ce su biyo shi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya bar tazara. Ashe a wata kwana akwai rami mai taɓo, ciyawa ta rufe bakinsa. Jatau ya zurma har gwiwa, ya fito yana salati. Cindo ya zurma, ya bar takalminsa ɗaya a ciki. Kakale ya zo yana waiwaye, yana tsokanar Cindo, "Kai da ko a gona ma tafiya ke ba ka wuya," ya buɗa ƙafa ya tsallake bai dubi ƙasa ba. Sarkin Ruwa ya zo yana gyara rawani, shi ma ya tsallake. Da aka bi hanyar har ƙarshe, sai ga ta ta tsaya a bayan dangar gidan Nomau, inda hayaƙin bandar kifi ke tashi a watan da babu su.

Alƙali ya zauna a kan wani kututture ya ce, "Baki ya iya rantsuwa, ƙafa ba ta iya ba. Jatau, wanda ya san ya yi laifi ba ya rataya shi a wuya. Karɓi komarka. Laifin yana kan garin da ya sauki baƙo bai gaya masa dokarsa ba. Cindo, ka ɓoye, don haka ka sani. Ka zurma, don haka ba ka saba ba. Me ya kai ka?"

Cindo ya sunkuyar da kai ya ce, "Mai ɗakina ce ta haihu, Malam, ba ta iya cin komai sai romo."

Alƙali ya ce, "Kai mata tarwaɗar. Amma ranar buɗe su, a bakin tafki za ka tsaya kana kallo. Kakale, komarka ta wuta ce, hanyar fita gari kuwa na san ba za ka yi tuntuɓe ba. Sarkin Ruwa, kai ko hannunka bai jiƙe ba, amma mai aiken ɓarawo ya fi ɓarawo, balle wanda aka ba tsaro. Maganar rawaninka a gaban sarki za a yi ta."

Jatau ya rungume komarsa, sai godiya yake yi wa kowa har da Kakale. Shi ya sa masu hikima suka ce, kafin ka auna laifi, auna sani da niyya da sabon mai shi, don kifi ɗaya ne a hannu huɗu, amma hukunci huɗu ne.

Na tambayi tsohon da ya ba ni labarin yadda alƙali ya san da ramin. Ya ce shi ma bai sani ba. Abin da ya sani, alƙali ne ya fara wucewa, kuma ya koma gida babu taɓo a wandonsa.