Kurege a Cikin Akwatin Rauta

Ga ta nan tafe, ku gyara zama ku karɓe ta.

Wata shekara fari ya yi wa daji kaca-kaca. Ba mai abinci sai Giwa, wadda ke da rumbunan gyaɗa a ƙetaren kogi. In aminiyarta Ɓauna tana so, sai ta tura ɗan aike, Giwa ta ɗora masa buhu. Shi kuwa Kurege, Allah sarki, yunwa ta sa ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa.

Sai ya samo tsohon ƙaho ya ɗaura a ka, ya je ya durƙusa gaban Giwa.

"Ranki ya daɗe, ni ne autan Ɓauna. Inna ta ce a ba ni buhu."

Giwa ta leƙo shi daga sama. "Kai kuwa ka cika ƙanƙanta."

"Shawara na yi ina jariri, ranki ya daɗe."

Tausayi ya kama ta, ta ba shi. Ya ja buhu zuwa rami, ya ci har cikinsa ya yi tim, yana kirari: "Ni ne Kurege, ɗan ƙarami mai cin rumbun manya! Ban riƙe fartanya ba, ga ni ina gyatsa!"

Da asiri ya tonu, Giwa da Ɓauna suka kira Bushiya mai gyaran waya. Ta kafa wa kowacce rauta, akwatin nan mai ƙyafta fitila da ke kai saƙo ta waya, ta haɗa su da VPN, wato ɓoyayyiyar hanya ta su biyu kaɗai. Ta raɗa wa rautocin mabuɗin sirri guda. Daga ranar an daina ɗan aike. Saƙon da ya biyo hanyar nan shi ke faɗa wa Giwa inda za ta ajiye buhu.

Gyaɗar Kurege ta ƙare ƙaf. Da gari ya waye ya hau turken waya, ya manna kunne a jikin waya. Ya ji rautar Giwa ta ce, "Wace ce?"

"Ni ce ta Ɓauna."

"To ga lamba. Gauraya ta da mabuɗinmu, ki faɗa mini abin da ya fito."

Ta Ɓauna ta zayyano amsa mai tsawo, sannan ita ma ta jefa tata lambar, ta Giwa ta amsa. Hanya ta buɗe, daga nan bai ƙara jin komai ba sai shuuu. Amma ya haddace amsar tsaf. Ya yi tsalle ya ce, "Su riƙe mabuɗinsu! Me zan yi da shi, ga amsa a kaina?"

Washegari ya tono matacciyar rauta a jujin Bushiya, ya kwashe kayan cikinta, ya soka mata tsinken tsintsiya biyu a ka a madadin eriya. Ya gatsa wayar Ɓauna ya katse, ya jona a akwatinsa, ya shige ciki. Ya sa idanu a ramukan fitila yana ƙyaf-ƙyaf, sai ka rantse rauta ce.

"Wace ce?" in ji rautar Giwa.

Ya maƙe murya. "Ni ce ta Ɓauna. A ajiye buhu gindin kuka."

"Ga lamba tukuna."

Ko saurara bai yi ba, ya kwararo haddarsa tiryan-tiryan.

"Wannan amsar jiya ce. Lambar yau daban."

Kurege ya marairaice. "Haba 'yar'uwa, mura ce ta toshe mini kai. Ɗan tuna mini mabuɗin mana."

"Mabuɗi ba ya hawa waya. Kuma tun da aka ƙera mu ban taɓa jin rauta da mura ba." Ta rufe hanya, ta kwarma ihu.

Ita kuwa Ɓauna, da ta ga saƙonta ya ƙi tafiya, ta biyo wayarta tana huci. Ta tarar da akwati a gindin turke, da jela buzu-buzu tana lilo a bayansa. Ta ja da baya, ta sa ƙaho ta ɗebe shi.

Wayyo! Akwati ya yi sama, ya bugi kuka, ya tarwatse. Kurege ya faɗo tim, goshi a kumbure, cikin nan fayau, ya ari na kare yana ɗingishi. Sai da ya kai bakin raminsa ya juyo ya ɗaga murya:

"Maguɗi ne! Amsata daidai take, tambayar suka canja!"

Ƙurunƙus, a kan goshin Kurege.